Ƙasar Ganuwa a Gayaunata

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Malama Rifkatu, maƙwabciyata kuma aminiyata. Ni ba gwanar rubutu ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro. Amma akwai maganar da ta daɗe tana yi mini nauyi, gara in sauke ta.

Daga kudancin Kaduna aka turo ta koyarwa a ƙauyenmu, gefen Makarfi, zamanin mulkin soja da tsuke bakin aljihu. Abin da ya fara ɗauke mata hankali wani guntun ganuwa ne da ya rage a gabas da gari. Mu da aka haifa a nan, awaki muke ɗaurewa a inuwarsa. Ita kuwa duk Alhamis sai ta kwashi 'yan aji biyar, har da 'yata Talatu, su je da igiya su auna tsawonsa, su rubuta. Ta kuma tura su gida su tambayo kakanninsu: wa ya gina, ina ƙofa take, me aka gudo wa? Har tsokanarta muke yi, muna cewa baƙuwa ta zo ta auri bango. Dariya kawai take yi.

A wannan shekarar takin zamani ya ɓace. Maigidana ya yi kwana uku yana bin layi, ya dawo hannu rabbana. Kowa kuwa ya san ƙasar tsohuwar ganuwa taki ce, haka muka taso muka ga ana yi. Sai na fara ɗiba da kwando ina kaiwa gayaunata. Ba ni kaɗai ba ce, amma ba zan laɓe a bayan kowa ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne lokacin da nake zaɓa: da hantsi, sa'ad da na tabbata tana cikin aji.

Talatu takan dawo ta ce, "Inna, yau ma igiya ta yi saura. Malama ta ce bangon yana raguwa." Ni kuma in ce ai ruwan sama ne.

Wata rana Malama ta biyo ta gona don ta gaishe ni. Muka gaisa, ta tambayi gida da yara. Sai ta sunkuya ta ɗauki wani tsingaro mai zane a cikin ƙasar da na zuba, ta goge shi da bakin zanenta. Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Maman Talatu, in kin ƙara ganin irin wannan, ki ajiye mini. Yara za su so su gani."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Muka ƙara shekaru muna cin abincin Sallah da na Kirsimeti tare, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban taɓa cewa ta yafe mini ba, har ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Yau babu ganuwa ko ta taku ɗaya. Shagon cajin waya ne a wurin. Nakan tambayi kaina, da za ta dawo me za ta yi? Ina jin ba za ta yi faɗa ba. Za ta jera yara a gaban shagon ta ce su je su tambayo tsofaffi. To, yanzu mu ne tsofaffin.

Bana shugaban makarantar, wanda shi ma ɗalibinta ne, ya aiko in zo in ba yara labarin ganuwa. Na je. Na faɗa musu inda ƙofa take, da sunan matar da ta fi mu sanin darajar kayanmu. Sannan na ce ina cikin waɗanda suka kwashe ta da kwando, na zuba wa masarata a matsayin taki.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Kaka, to masarar ta yi kyau?"

Na ce, "Ta yi kyau, 'yar nan. Kafin damina ta zagayo mun cinye ta."