Zira Kafinta da Janaretan Ofishin Haraji

Duk wanda ya zauna a unguwar Kolere ta Mubi kafin shekarar gudu, lokacin da 'yan bindiga suka watsa garin, ya san rumfar Zira kafinta. Ko bai san sunan mai ita ba, ya san ƙamshin sabon katako da ke tarbar mai wucewa tun daga bakin hanya. Mutumin Michika ne. Ya sauko Mubi yana saurayi, a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Adamawa, da zarto da guduma a cikin buhu. Da kujerun tsakar gida ya fara, daga nan sai ƙofofi da gadajen amare, har ya kai ga yi wa makarantu bencina. Matarsa Miriyamu takan ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin kunnensa na dama babu fensir ba, har a coci.

Da aiki ya buɗe masa sai ya yi wa rumfar rajista a matsayin ɗan ƙaramin kamfani, saboda manyan masu ba da aiki ba sa kallon wanda ba shi da takarda. To ka san rajista ba ta zuwa ita kaɗai, da haraji take tafiya. Zira kuwa bai taɓa ɓuya ba. Shekara na zagayowa zai sa rigarsa ta zuwa coci, ya biya a banki, ya wuce ofishin haraji ya karɓi takardar shaida.

Ofishin nan wani gidan haya ne mai ɗakuna kaɗan. A tsakar gidan akwai motar aiki da ta daɗe a kan duwatsu, har awakin maƙwabta sun mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Wanda ke riƙe da teburin su Zira shi ne Malam Gabdo, Bafulatani siriri mai magana a hankali. An aiko musu da kwamfuta daga sama, amma kuɗin man janareta ba ya zuwa, wutar gari kuma sai ta ga dama. Da haka wata al'ada ta kafu ba tare da kowa ya kafa ta ba: mai son takardarsa ya zo da galan ɗin mai. Ba cin hanci ba ne, don a gabanka Malam Gabdo zai juye shi cikin janareta. Masu ƙaramin ƙarfi kuma sai su zauna a inuwa suna jiran mai galan, in an tayar da inji a haɗa da nasu.

"Kafinta, kai ne gwamnatinmu yau," in ji Malam Gabdo duk lokacin da ya hango shi da galan.

"To ai sai ku rage wa gwamnati haraji, Malam."

"Wannan kuma ya fi ƙarfin teburina."

A ƙarshen shekarar 2014 'yan bindiga suka shigo Mubi. Zira da iyalinsa suka bi ayarin mutane ta daji a ƙafa, da ƙyar suka kai Yola. Da suka dawo bayan watanni, rumfar ta zama toka, injin yankan katakon kuma babu ko alamarsa. Mutumin da ya saba ba yara aiki ya koma gyara ƙofofin da aka ɓalle, gida gida, da gudumar aro.

Ana cikin haka sai wata ƙungiyar agaji ta ce tana neman mai yi wa makarantun firamare bencina, saboda yara sun koma aji suna zama a ƙasa. Za ta ba da rabin kuɗin aiki tun farko. Da wannan Zira zai sayi inji ya tayar da rumfarsa da sunansa. Sharaɗi ɗaya ne ya rage masa, takardar shaidar biyan haraji, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Ranar Laraba da safe ya yi abin da ya saba yi. Gidajen mai sun daina sayarwa a galan, saboda sojoji sun hana, don kada a kai wa na cikin daji. Zira ya ji dokar, amma a ransa ta masu fita ƙauye ce. Shi da zai kai wa ofishin gwamnati, me ya haɗa shi da ita? Ya sayi mai a hannun wani ɗan bumburutu a lungu, ya sa galan a buhu, ya hau Keke Napep.

A shingen sojoji aka sauke su. Wani soja ya taɓa buhun da ƙafa.

"Baba, wannan na wane ne?"

"Nawa ne, yallaɓai. Ofishin haraji zan kai."

"Kai ne ke saya wa gwamnati mai?"

"Haka muke yi."

Sojan ya kira ɗan'uwansa ya maimaita masa, suka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Aka sa Zira ya zauna a ƙasa gefen buhunan yashi, aka karɓe wayarsa. Mutanen da ya yi wa gadon aure suna wucewa suna kau da kai, kuma bai ga laifinsu ba, don a kwanakin nan gaisuwa kaɗai tana iya jawo wa mutum tambaya. Mai keken ne ya kai wa Miriyamu labari, ita kuma ta wuce ofishin haraji ko takalmin kirki ba ta sa ba.

Sai bayan la'asar Malam Gabdo ya samu aka saurare shi. Ya miƙa katin aikinsa, ya tsaya gaban babban sojojin shingen.

"Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe. Ba mu da mai. Masu biyan haraji ne ke kawo mana."

Bai ɗaga kai ba da yake faɗa. Aka tsiyayar da man a ƙasa, aka sallami Zira da gargaɗi.

Washegari da sassafe Zira ya iso ofis da baro.

"Kafinta, wannan fa?"

"Galan aka hana, ba a hana janareta ba. Kama mini can."

Haka suka tura shi har gidan mai, dattawa biyu, ɗaya na tuƙa baro ɗaya na riƙe inji kada ya kife a ramukan hanya. Suka bi layi tare da masu keke har rana ta take. Da suka dawo aka tayar da inji, kwamfuta ta kama, takarda ta fito. Na cikin inuwa su ma suka taso da nasu.

Malam Gabdo ya riƙe takardar bai miƙa ba.

"Saura sa hannun oga. Yana Yola tun gudu, ba a turo kuɗin gyara ofishinsa ba. Da jiya muka buga, da yau ta dawo."

Suka ba wani direban motar haya ita. Amma a lokacin ana rufe hanya tun kafin magariba, ga shinge bayan shinge. Ranar Asabar takardar ta dawo, da sa hannu da hatimi, tsaf.

Wani ɗan kwangila daga Yola ne ya samu aikin. Takardunsa sun cika, sai dai ba shi da rumfa ko zarto. Ya zo Mubi yana tambayar wa ya fi iya benci, kowa ya nuna masa Kolere, wajen Zira. Kuɗin hannu kawai ya yi tayi, katako da inji nasa ne, in an gama ya kwashe kayansa.

"Maigida, ka ce masa a'a," in ji Miriyamu. "Aikinka ne fa aka ba shi, yanzu kuma kai ne yaronsa?"

"In na ƙi, wani zai yi da ɗanyen katako, kafin damina ta wuce sun karye da yaran mutane."

"Kai kullum yaran mutane. Naka fa?"

"Nawa ma can suke zama."

Ya yi bencinan a wani fili da ɗan kwangilar ya kama haya. Bai rage ƙusa ba, bai bar tsini a baki ba. Da aka gama, mutumin ya aiko da gwangwanin fenti, ya ce a rubuta sunan kamfaninsa a bayan kowane benci, tunda masu agaji za su zo ɗaukar hoto. Yaran ɗan kwangilar suka fara rubutawa a karkace. Zira ya tsaya yana kallo, can ya ce su ba shi burushin. Ya ja layi da fensir don haruffan su miƙe, ya durƙusa ya fara daga bencin farko.