Ƙwallon Lambu a Shekarar Fari

A shekara ta biyu ta fari ina malamin dabbobi a Isa. Kullum sai in hau keke in bi rugage har wajen Unguwar Lalle, ina duba shanun da ba ciwo ne ya kayar da su ba, yunwa ce. Ba ni da allurar yunwa. Makiyaya su yi mini godiya, ni kuwa in dawo gida in kasa cin tuwo.

Da aka aike ni Sakkwato karɓo magani, sai na sauka gidan kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Ya kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai, ɗan nan, ka lalace. Gobe za ni hili, tare za mu tahi."

"Wane hili, Kawu?"

"Na ƙwallon lambu."

Golf ke nan. Na ji kunya ƙwarai: mutanenmu na haƙa gidan tururuwa suna neman hatsi, ni in je wasan manya? Amma ba a yi wa kawu musu.

Na zaci zan tarar da ciyawa shar ana ta kwarara mata ruwa. Ko kaɗan. Tsohon fili ne tun na zamanin Turawa, kuma ya bushe kamar ko'ina. Kewayen kowane ramin da ake jefa ƙwallo a ciki yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai, a ja buhu a kai ya yi sumul kafin a buga. Tun da aka yi wurin, in ji kawu, bai taɓa shan ruwan rijiyar kowa ba.

Ya nuna mini yadda ake riƙe sandar bugun ƙwallon. Bugun farko ƙasa na tono, na biyu ƙwallon ta shige ƙarƙashin aduwa. Kawu ya yi dariya har da tari.

Muna tafe yana nuna mini aikin mutanen da. Ba su cike kwazazzabo ba, sun bar shi a gaban wani rami, sai mutum ya zaɓa: ko ya tsallake ko ya kewaya. Wani gawo babba ya tsaya a tsakiyar hanya, ba su sare shi ba. Rami na gaba yana bayan tudu, ba ka ganinsa, sai dai ka saiti wata tsamiya ka buga da yaƙini.

"Ba su yi gardama da ƙasa ba," in ji shi. "Yadda suka iske ta, haka suka bi ta."

A ramin kwazazzabon na ce ni tsallakewa za ni yi. Na ɗaga sanda, na saki kafaɗa yadda ya koya mini. Ƙwallon ta tashi, ta wuce, ta sauka can kan yashin. Ihun da na yi har wasu dattawa suka waiwayo.

A inuwar gawo muka zauna, na ba shi labarin rugage, wanda ban iya faɗa wa kowa ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya miƙo mini goro.

Ruwa bai sauka ba sai wata daminar. Kawu bai ga ƙarshenta ba, Allah ya jiƙansa.