Jemar da Muka Dasa a Bayan Miri

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, wata rana ta tsakiyar damina ba za ta goge daga zuciyata ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in hadari ya haɗo daga gabas sai ranar ta dawo mini sabuwa.

A lokacin ina ƙaramar injiniya a nan Bauchi, ban daɗe da shiga wata ƙungiyar injiniyoyi ta duniya ba. Aƙidarsu ita ce a yi wa ƙasa magani da abin da ke tsirowa a kanta, ciyawa da itatuwa da fadama, ba kullum siminti da rodi ba. Na yarda da su, kuma har gobe ban sauya ba. Su suka tallafa mini na yi gwaji a wani kwazazzabo can bayan garin Miri, wanda kowace damina sai ya ƙara cin gonaki, har ya kusa cim ma gidajen mutane. Muka jera duwatsu, muka dasa jema layi-layi, ciyawar nan mai doguwar saiwa da ke riƙe ƙasa.

Gidan da ya fi kusa da bakin ramin na wani dattijo ne Bafulatani, wanda ya daina yawon kiwo ya zauna da matarsa da 'yan shanunsa. Baffa nake ce masa. Wata rana ya tsaya yana kallon aikinmu, sanda a kafaɗa, ya ce, "'Yata, aikinki ya yi kyau. Amma in ruwa ya yi fushi ba ta nan yake zuwa ba. Ta bayan garkena yake saukowa, tsohuwar hanyarsa ke nan."

Na buɗe taswira na nuna masa. "Baffa, mun auna. Duk ruwan ta gaba yake bi."

"Takardar taki shekararta nawa?" in ji shi.

Dariya na yi. Shi ma ya murmusa ya ce, "To, ke kika yi karatu." Bai sake tayar da zancen ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ya riga ya yi niyyar kai matarsa wurin ƙanensa kafin ruwa ya kankama, ni na ce su yi zamansu, ba abin da zai faru. So nake a ga gida zaune lafiya a bakin aikina. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi mini wuyar faɗa.

Ruwan farko ya sauka, jema ta kama, ta yi kore shar. Na ɗauki hotuna na aika, ƙungiya ta gayyace ni in yi bayani a taronta ta kwamfuta. Ranar taron, bayan azahar, ina zaune a ofis, ga fuskokin manyan masana daga ƙasashe daban-daban a gabana, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ƙarar kwanon rufi ta hana su jin muryata. Na ɗaga murya, cikin raha na ce musu ga shi ma yanzu haka ana jarraba aikinmu. Suka yi dariya, suka yi mini tafi. Wayata na ta rawa a kan tebur, na kife ta.

Sai da aka tashi na duba. Mai unguwa ne ya yi ta kira. Da na neme shi, abin da kawai ya ce shi ne, "Injiniya, ki zo."

Da ƙyar ɗan acaɓa ya kai ni saboda taɓo. Na tarar da jemata tana nan tsaye, ko layi ɗaya bai tsinke ba. Ruwan ta bayan garken ya sauko, ya yanki sabon rami, ya ɗebe rabin gidan. Matar Baffa tana cikin ɗaki bango ya rufta mata. Kafin in iso an tono ta, an shimfiɗe ta a zauren maƙwabta, an lulluɓe da zane.

Baffa na zaune a kan dutse, taɓo har gwiwa. Na durƙusa a gabansa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya kwaɗa mini. Ya dube ni ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, 'yata. Tashi, kayanki za su ɓaci." Wallahi da dukan ya yi mini da ya fi sauƙi.

Bayan addu'ar bakwai ya kora shanunsa ya bar Miri, ban sake ganinsa ba. Ni kuwa na rubuta wa ƙungiya a janye rahotona, na zayyana abin da ya faru ban rage komai ba. Wata dattijuwar farfesa a cikinsu ta nemi in maimaita shi a gaban taron shekara mai zuwa, don wasu su ji. Na yi.

Ban bar aikin ba, har yanzu ina dasa jema. Sai dai na gane ƙasa tana da tarihi, kuma a bakin waɗanda suka tsufa a kanta yake. Kuskuren injiniya ba a takarda yake tsayawa ba. A kan mutum yake faɗowa, kuma galibi a kan wanda ya amince da kai.