Kyamarar da Na Baro a Rikkos

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da direbana, ba kaya a motar sai buhuna da igiya. Sana'ata sayen tsofaffin kayan lantarki, kuma an yi mini kwatancen wata kyamarar gidan talabijin a Jos. Hanyar Pambeguwa duk ramuka. A Saminaka muka karya da masa, mai tsada kamar da nama aka yi ƙullinta. Daga Jingir sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Muka wuce tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, ruwa kore shar, ko tsuntsu ban ga ya sauka ba.

Gidan da kyamarar take yana unguwar Rikkos, can ƙarshen layi, sai wajen la'asar muka gano shi. Mai shi dattijo ne da ya yi shekara da shekaru yana karanta labarai a talabijin. Da muryarsa muke cin tuwo muna yara. Yanzu tsufa ya taɓa masa tunani. Matarsa ce ta kira ni.

"Alhaji, ɗauke ta kawai, na gaji," in ji ta. "Kullum bayan la'asar sai ya zauna gabanta."

Kyamarar tana falo a kan ƙafafunta uku, tana fuskantar wani tebur. Na zagaya bayanta, na zare batirinta da ya kumbura, na jefa a aljihu. Ina cikin haka dattijon ya shigo da babbar riga da hula, ya zauna, ya daidaita takardu. Farare ne tas, ba rubutu ko ɗigo.

Na ɗaga hannu na gaishe shi, na sauke. Ashe a aikinsu wannan ita ce alamar a fara.

"Jama'a, barkanmu da war haka." Muryar nan ce sak, ba ta tsufa ba. Ya karanto labarin wata ranar rikici, unguwa bayan unguwa, har ya zo kan mai ɗaukar hotonsu, Bulus, wanda ya fita aiki da safe bai dawo ba. Ya roƙi duk wanda ya gan shi ya sanar. Sai ya kafe ni da ido, ko ƙiftawa babu.

Hajiya ta raɗa mini, "Ba ya tashi sai na bayan kyamara ya sallame shi. Ja yatsa a wuyanka."

Na ja. Ya sauke numfashi, ya yi dariya. "Bulus, ja'iri, sai yanzu? Ka sa gari duk ana neman ka."

"Na dawo, oga," na ce. Ban san inda na samo amsar ba.

Akwai 'yar jar fitila a goshin kyamarar. Ni dai na gan ta a kunne har ya gama, batiri kuwa yana aljihuna. Direbana ya ce hasken taga ne. Ranar kuwa hadari ya rufe garin.

A zaure na ce, "Hajiya, ba zan saya ba. In na ɗauke ta, gobe zai zauna ne yana kallon bango, ba mai sallamarsa."

Ta waiwaya wajen falon. Sannan ta ce rabon da ta ji dariyarsa har ta manta.

Washegari muka cika buhunan da dankali da karas a kasuwar Farin Gada, muka iso Zariya da azahar. Na daɗe ina sayen kayan da suka mutu, sai a tafiyar nan na koyi in fara tambayar wa ke amfani da su har yanzu. Batirin yana nan a shagona. In la'asar ta yi, ba na son kallon inda yake.