Tsanaki, An Karɓi Gyaranka

Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina kan tebur ina haɗa waya, matarka ta kira ni ta ce, "Abokinka ya cika." Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma, sai dai ka riga mu, bayan ciwon ƙoda da ya yi ta cin ka muna kallo.

Ni na laƙaba maka Tsanaki, kuma ban zalunce ka ba. Mutumin da zai liƙa wa kowace waya takarda mai suna, har wayar butar shayi! Duk shekarun da muka yi tebur na kallon tebur, ban taɓa jin ka kushe aikin wani ba. Sai dai ka jawo kujera, ka karanta layi-layi, ka ce, "To, idan wuta ta ɗauke a nan fa?" Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, kai ka ɗauke aikina ka gama shi, sai daga baya na ji a bakin wasu.

Aikinmu ƙera ƙananan akwatuna ne da ake maƙala wa firjin alluran rigakafi, su yi ƙara idan sanyi ya ragu. Allon lantarkin da ke cikin akwatin yana da ƙofofin sadarwa huɗu, inda ake jona wayoyin na'urori. Ta biyu ba a amfani da ita, ma'aunin sanyi yana kan ta uku. Da aka sabunta kanel, wato zuciyar manhajar akwatin, sai direba, wato sashen manhajar da ke raba wa ƙofofin lamba, ya riƙa tsallake wadda ba a amfani da ita. Ta uku ta koma ta biyu. Akwati ya ci gaba da sauraron lamba uku, inda babu ma'auni. Firjin wani ƙaramin asibiti ya mutu, ba a ji ƙara ba. Aka zubar da alluran unguwa guda, iyaye mata suka koma gida da jariransu ba a yi musu allura ba.

Ranar ko ruwa ba ka sha ba. Shugabanmu ya ce mu toshe matsalar a akwatunanmu mu wuce. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ba mu kaɗai ke amfani da allon nan ba. Firjin wasu fa?"

Sai ka rubuta gyara: kowace ƙofa ta riƙe lambarta, ko ana amfani da ita ko ba a yi. Ka aika wa masu kula da kanel, mutanen da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba, domin sai sun karɓa gyaran zai isa ga kowa. In ba su karɓa ba, kowace sabuntawa za ta dawo da ɓarnar. Suka yi ta dawo maka da shi, kana gyarawa kana sake aikawa, jikinka na ƙara ramewa. Na ƙarshe a gadon asibiti ka rubuta shi da hannu ɗaya, ɗayan yana jone da injin wankin ƙoda. Na yi maka faɗa, raina a ɓace. Ka ce in daina surutu in riƙe maka kwamfuta.

Amsarsu ta zo bayan mun binne ka. Layi ɗaya suka nemi a canza. Na zauna a kujerarka na canza, na aika, na bar sunanka a sama inda ake sa na marubuci. Ban gaya musu ka rasu ba, hannuna ya ƙi rubuta kalmar.

Jiya aka karɓa, Tsanaki. Babbansu ne ya rubuto da kansa, kuma da sunanka ya fara. Ya ce ya gode da haƙurinka. Ya ce akwai wani direba mai irin wannan matsala, ko za ka duba masa idan ka samu lokaci.

Na je na karanta wa matarka. Ta ce, "Wallahi da yana nan da ya duba."

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka. Duk jaririn da allura za ta isa gare shi lafiya, Allah Ya kai ladan kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka, da matarka, da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri Ya raya abin da ka bari. Ni kuma Allah Ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan rubuta wa mutumin nan amsa, domin har yanzu kai yake jira.