Hoton Fasfon Inna

Ni ce 'yar farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke wannan", in kuwa labarina take ba wani sai ta ce "ta Makarfi", garin da nake aure, kamar duk garin babu wata mace sai ni. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, gida ɗaya da Inna amma kamar maƙwabta. Kallo kuwa ba a magana. Inna za ta yi awa guda tana hira da ni, idonta na kan tukunya, ko kan kaza, ko kan bakin zaninta. Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin ƙi ba. In na je ƙauyenmu Gazara, ƙwan da ta hana kowa taɓawa ni ake soya wa, sai dai ta hannun wani za a miƙo mini.

A shekarar da nake ba da labari, autanmu da ke aiki a Kaduna ya yi niyyar kai ta Umara cikin azumi. Inna ta riga ta sauke farali tare da marigayi Baba, kuma tun rasuwarsa ba ta da wani buri sai ta koma ta yi masa addu'a a inda suka tsaya tare. Sai dai fasfonta ya daɗe da mutuwa a ƙasan akwati. Auta ya kira ni a waya.

"Yaya, ki saurara da kyau. Hoton Inna nake so in ɗora a intanet, a ba ta ranar zuwa ofishin fasfo. In bai zo mini gobe ba, ranar da za mu samu sai bayan masu tafiya sun tafi. Bayanta ya zama fari tas, babu inuwa. Kada ta yi murmushi, kada ta karkata kai. Kuma ta kalli kyamara ido cikin ido."

"Inna ce za ta kalli mutum ido cikin ido?"

"Ba mutum na ce ba, kyamara."

"To ai kyamarar a hannun mutum take."

"Shi ya sa za ki kai ta wurin mai hoto. Shi ba ɗanta ba ne, ba surukinta ba, babu ruwanta da kunyarsa."

Washegari ranar kasuwa ce. Da hantsi sai ga Inna, da ƙullin mazarƙwaila na jikoki, sanye da farin hijabin da ta je Makka da shi, ya sha guga har yana ƙara. Muka gaisa tana kallon randa. Na ba ta ruwa ta sha, muka kama hanya, muna ratsa motocin rake har shagon wani mai hoto kusa da tasha.

Mai hoton magidanci ne mai fara'a da yawan magana. Yana ganin hijabin ya girgiza kai.

"Hajiya, fari a kan fari ba ya yi. Sai fuskarki ta fito ita kaɗai kamar wata a sama."

Muka shiga bayan labule muka yi musaya, ta sa nawa mai ruwan bula, ni kuma na zama Hajiya ta ɗan lokaci. Ta zauna a kujera, ya ce ta dube shi, ta kuwa ƙura masa ido kamar mai cinikin akuya a kasuwa. Ina tsaye a gefe, na ji wani abu mai kama da kishi, na yi istigfari. Mutumin da ba ta taɓa gani ba ya samu a minti ɗaya abin da ban samu ba a shekara arba'in.

Da ya gama sai ya zauna gaban kwamfuta ya ce bari ya ɗan gyara. Ban san abin da yake nufi da gyara ba sai da ya juyo mana da allon. Ya share duk wani tamojin fuskarta. Ya goge zanen gado uku-uku da ke kumatunta. Ya ƙara mata haske, ya cike mata gira, har da ɗan ja a leɓe.

Inna ta matso, ta daɗe tana duba.

"Wannan 'yar waye?"

"Ke ce, Hajiya."

"Ni? To Allah ya ba ta miji nagari."

Na tura wa Auta. Bai fi minti biyu ba ya kira, yana dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce in aka je ofis da wannan, za a ce Inna ta koma gida ta turo yarinyar da ke cikin hoton ta zo da kanta. Na ce wa mai shagon ya ba mu na asali. Ya sosa ƙeya ya ce ai ya riga ya danne shi da gyararren, shi a tunaninsa babu macen da za ta nemi wancan bayan ta ga wannan. Ya ce a sake ɗauka. Inna ta koma kujera, ta gyara zama, sai aka ɗauke wuta. Janaretansa kuma na wurin mai gyara. Muka nufi ɗaya shagon da na sani, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, wai mai shi ya tafi ɗaukar biki a Kudan, sai gobe.

Haka muka dawo gida bayan azahar, ita da hijabina, ni da nata. Yara sun wuce Islamiyya, maƙwabciyata na kasuwa. Wanda ke gida kaɗai shi ne maigidana, ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, kuma duk gidan wayarsa ce mai kyamarar kirki.

Sai in ce wani abu a kan maigidana da Inna. Shekara ashirin da aurenmu, amma in ya hango ta a hanya yakan tuna yana da saƙo a wani lungu. In ya zama dole su gaisa, daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, shi yana gaida ƙasa, ita tana amsa wa bango. Duk da haka da na yi masa bayani bai musa ba. Ya ce aikin lada ne. Ya ɗauko yadin farar shaddar da yake ajiya don ɗinkin sallah, muka rataya a igiyar shanya a jikin katanga, muka kama da makamin shanya huɗu. Na ajiye kujera, Inna ta zauna.

Gaisuwa kawai ta ci abin da ta ci. An tambayi gona, an tambayi sanyi, an tambayi mutanen Gazara gida-gida. Sannan ya ɗaga waya sama da kansa, fuskarsa na wajen bishiyar zogale.

"Inna, ku ɗan ɗago kai."

"To, Malam." Ta ƙara sunkuyawa.

"Kun ɗago?"

"Ana kan ɗagowa."

Ya juyo da murya wajena, ba tare da ya juyo da ido ba. "Ke, sun ɗago?"

"Malam, kai ne fa mai ɗauka. Ka duba mana."

"Ke dai faɗa mini."

Ya danna ya fi sau goma. Muka koma gefe muka duba. Na farko kan katanga ne da sararin sama. Na biyu gwiwoyin Inna. Akwai wanda ya kamo rabin hijabi da makamin shanya. Wanda ya fi kowanne fita shi ne na akuyata, da ta zo wucewa ta gaban shaddar ta tsaya. Ta cika duk sharuɗɗan Auta: bayanta fari tas, ta kalli kyamara ido cikin ido, ba ta yi murmushi ba.

Maigidana ya damƙa mini wayar, ya fara laluben takalmansa da ƙafa.

"Ana jirana a masallaci."

"Wace salla ce tsakanin azahar da la'asar?"

"Ke da mahaifiyarki kun fi kusa."

"Malam, ni ce fa 'yar fari."

"Ni kuma surukin fari," in ji shi, ya yi waje.

Aka bar mu mu biyu, da akuya. Na tsaya gabanta na ɗaga waya.

"Inna, nan za ki kalla. Wannan ɗan baƙin ɗigon."

"Ina kallo."

Kafaɗata take kallo. Na matsar da wayar wajen kafaɗar, ta koma kallon ɗaya kafaɗar. Na miƙa hannu can gefe don fuskata ta yi nesa da wayar, ta kalla kuwa, amma hoton ya fito a karkace, kamar tana leƙen maƙwabta. Na lulluɓe fuskata da mayafi don ta ji kamar ba ni ba ce. Ta ɗago, na ji a jikina ta ɗago, sai dai ni kuma ba na ganin komai, na ɗauko goshinta da igiyar shanya. Da na yaye mayafin na same ta tana dariya a cikin tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Ke wannan, kin zama dodo."

Na kifa turmi, na ɗora kwano a kai, na jingina wayar, na sa ta ta ƙirga goma ta ɗauka da kanta, na ruga ɗaki. Da na fito na tarar da hoton hanci da ido ɗaya. Wai ta ji shiru ne ta taso ta ga ko ta lalace.

Ana haka inuwar katanga ta fara cin shaddar daga ƙasa. Auta ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Inna ta daina dariya. Ta dubi tafin hannunta ta ce, a hankali, "In bai yiwu ba a bari. Wataƙila ba a kira ni bana ba."

Wannan maganar ta taɓa ni. Na san dare nawa ta yi tana lissafin tafiyar nan, na san har takalmin da za ta sa ta wanke ta ajiye. Ga shi abin zai wuce ta a kan kunyar 'yar da ta haifa. Gajiya da tausayi suka haɗu suka kwance mini baki, na faɗi abin da ban taɓa tunanin zan faɗa ba. Wayar na ɗage a gaban fuskata.

"Inna, ni tambaya gare ni. In Allah ya kai ki gaban Ka'aba za ki yi mini addu'a, sunana za ki faɗa, ko 'ta Makarfi' za ki ce? Kada fa mala'iku su raba wa duk matan garin nan, in tashi da ɗan kaɗan."

Kanta ya ɗago kamar an ja shi da igiya. Ta dube ni, ni kaina, cikin tsakiyar ido, bakinta a tsuke, girarta a haɗe. Harara ce irin wadda ake yi wa yaron da ya sa hannu a kwanon baƙi. Gabana ya faɗi, amma babban yatsana ya fi ni hankali, ya danna.

"Marar kunya," in ji ta. Ta mayar da ido kan akuya. Can kuma ta ce, "Wanda nake faɗa wa yana ji, ba sai na ɗaga murya ba. Tun kina cikin zani yake jin sunan."

Na sunkuyar da kai kan wayar. Na yi kamar ina duba hoton, alhali allon ma ba na gani sosai. Da idona ya washe na duba da gaske: kai a miƙe, baki a rufe, zanen gado a wurinsa, shadda fara tas a baya, inuwar ba ta kai kafaɗarta ba. Na tura wa Auta.

"Yauwa, wannan shi ne," in ji shi. "Amma wa ya ɓata mata rai haka?"

"Ni ce."

"Allah ya saka miki da alheri, Yaya."

Ya samu ranar da yake so. Ni na raka ta ofishin fasfo, inda aka sake zaunar da ita gaban wata na'ura, ta kalle ta lafiya lau, tunda babu ɗan kowa nata a bayanta. Fasfo ya fito azumi saura kwanaki. Ranar tafiya na raka su har bakin mota, na durƙusa na ce ta yafe mini maganar rannan. Ta ɗora hannu a kaina, abin da ba ta saba ba, ta ce ta yafe duniya da lahira, ta ce in kula da yara, in daina barin akuya tana yawo a tsakar gida. Duk wannan tayar mota take faɗa wa.