Ranar da Firjin Illela Ya Daskarar da Allura

Cikin shekarun da na yi a kamfanin rarraba magunguna, ranar da har yau ta ƙi fita daga raina ita ce wata Litinin a tsakiyar bazara, washegarin kasuwar Illela. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, gara ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ni ce jami'ar horas da ma'aikata ta shiyyar Sakkwato. Dokar hukumar da ke sa ido kan magunguna ita ce, duk wanda zai taɓa magani a sito sai yana da fayil mai nuna an horas da shi. Yadda muke yi kuwa, sai in zo da takardun ƙa'idojin aiki da aka rubuto da Turanci daga hedkwata, in tara ma'aikata in karanta musu sama-sama, kowa ya sa hannu. Idan masu bincike suka zo, fayil suke dubawa. Fayilolina ba su taɓa samun gyara ba, kuma ina alfahari da hakan.

Mai kula da sitonmu na Illela shi ne Malam Garba, dattijo ɗan Amarawa. A Ƙonni ta ƙasar Nijar ya taso wurin kawunsa, ya ɗan taɓa makarantar Faransanci, ajami kuma kamar ruwa yake karanta shi. Bai taɓa makara ba, allura guda ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba. A sitonsa akwai firjin da muke ajiye insulin, wato allurar masu ciwon suga. Ƙa'idarta ta zauna tsakanin digiri biyu zuwa takwas. Zafi yana kashe ta, daskarewa ma haka, kuma idan ta narke ba lalle ido ya gane ta lalace ba.

Da safiyar ranar wani mai kemis da ke sayen kaya wurinmu ya kira ofis. Ya ce mutum uku sun dawo masa da ƙorafi allura ba ta sauke musu suga, ɗaya kuma, wata mata daga Gidan Katta, an kai ta asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Manajan shiyya ya ce in tashi in je in gani.

Na isa kafin azahar. Na fara buɗe littafin da ake rubuta sanyin firji safe da yamma. Kusan mako uku, lamba uku ce ko biyu, da rubutu mai tsabta, babu ranar da aka tsallake. Sai na dubi ma'aunin da ke jikin firjin. Uku ne, amma da ɗan layi a gabansa. Digiri uku ƙasa da sifili. Na ɗaga kwalba ɗaya daga can ciki, ta yi ƙanƙara.

Na ce, "Malam Garba, wannan layin fa?"

Ya matso ya duba. "Hajiya, ai gilashin ne ya soma lalacewa. Tun randa na ƙara sanyi ya hito."

"Kai ka ƙara sanyin?"

"Ni ne. Zahin ga ya yi yawa, wuta kuma ɗaukewa takai. Na ce in sanyi ya kama shi ƙwarai, ko an ɗauke ba ya saurin hucewa. Mi na yi?"

Na yi masa bayani. Ya cire hularsa ya zauna a kan kwali. Ya ce, "Abin da anka hwaɗa mini, kada magani ya sha zahi. Ba wanda ya taɓa ce mini sanyi na kashe shi."

Na san gaskiya ya faɗa, domin ni ce mai faɗar. Maganar daskarewa tana cikin takardar ƙa'idojin, a shafi na huɗu, shafin da ban taɓa kaiwa ba idan ina karanta musu.

A ranar muka rufe firjin, muka bi kemis-kemis muna janye abin da ya fita, har da waɗanda 'yan kasuwa suka tsallaka da su Ƙonni. Muka sanar da hukuma kamar yadda doka ta ce. Kwana huɗu bayan haka matar Gidan Katta ta rasu. Likita ya ce an makara kawo ta, kuma tana da wasu larurorin, ba zai iya cewa allurar kaɗai ce sanadi ba. Wannan bai sauke mini nauyin ba.

Manaja ya kira ni ofishinsa. Ya ajiye fayil ɗin Malam Garba a gabana ya ce, "Ga sa hannunsa, an horas da shi. Ki rubuta kuskuren ma'aikaci ne, mu sallame shi, magana ta ƙare."

Na ce, "Yallaɓai, ya sa hannu, amma ban koya masa ba."

"Kin san abin da wannan maganar za ta jawo miki?"

Na ce na sani. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na kwana biyu da takardar rahotona a jaka kafin na iya miƙa ta. Na rubuta cewa tushen matsalar shi ne tsarin horaswarmu, kuma ni ke da alhakinsa. Aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni. Malam Garba aka mayar da shi sashen da ba firji na wata shida.

Daga nan muka sake tsari. Muka mayar da ƙa'idojin zuwa Hausa, da boko da ajami. Muka daina karɓar sa hannu sai mutum ya yi aikin a gabanmu: ya karanta ma'auni, ya faɗi abin da zai yi idan lamba ta fita daga iyaka, ya faɗi dalili. A zagayen farko na gano har direbobinmu da suka daɗe a aiki suna jera allura a jikin ƙanƙara kai tsaye. Dukansu suna da fayil cikakke.

Malam Garba ya roƙe ni in raka shi gaisuwa Gidan Katta. Ni na shiga wajen mata, shi ya zauna waje da mijin marigayiyar, ya faɗa masa komai bai rage ba. Da muka kamo hanya na tambaye shi abin da mutumin ya ce.

Ya ce, "Cewa ya yi kwana ne ya ƙare, ya yahe. Amma ɗiyarsa babba ma tana da ciwon, kuma allurar ga take yi. Ya tambaye ni ko yanzu ya iya sayen tamu hankali kwance."

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a mai gaskiya da ba a koya masa dalili ba yana iya yin ɓarnar da ko mai sakaci bai yi ba. Don haka duk wanda za ku horas, kada ku tambaye shi ko ya gane, domin kunya za ta sa ya ce e. Ku miƙa masa ma'aunin, ku yi shiru, ku ji abin da zai karanta.